Ƙofar da Kwamfuta Ta Gani

Gobara uku na shiga na fito da ƙafafuna. Ta farko a gidan burodi, ta biyu a garejin manyan motoci, ta uku a ma'ajiyar takarda, inda muke mu bakwai, biyu muka fito. Ban taɓa zama a aji ba, har gobe da babban yatsa nake sa hannu a takarda, amma in dai maganar hayaƙi ce, duk mai digiri ya ja kujera ya zauna ya saurara. Saboda haka ranar da na miƙe a gaban mutum arba'in na ƙaryata kwamfuta, ba tsufa ne ya taɓa ni ba.

Abin ya faro ne daga surukina, mijin autata, heluma a wata ma'ajiyar auduga, shi ke kula da masu lodi. Ban taɓa son mutumin nan ba, kuma ban ɓoye masa ba. Yana gaishe ka yana kallon takalminsa, in ya yi dariya ba ka jin sauti. Irin wannan ni ba na sakin jiki da shi.

Wata Talata da rana tsaka wuta ta kama dilolin auduga. Su tara ne a ciki. Ƙofa a buɗe take, taku talatin daga inda suke, amma surukina ya daka musu tsawa su biyo shi, ya ja su bangon baya, inda babu ko taga. Can 'yan kwana-kwana suka fasa bango suka kwaso su. Takwas suka farfaɗo. Mai awo, wani dattijo mai 'ya'ya biyar, ya cika a asibiti washegari.

Ba a yi kwana uku ba magana ta zaga: wai heluma yana da wata 'yar hita da ya ɓoye a bayan diloli yana dafa shayi, ita ta ta da wutar, shi ya sa ya ruga can ya ɓatar da ita, mutane kuma suka bi shi. Ba a ga hitar ba, amma aka ce ai ta narke. Kamfani ya dakatar da shi, aka kafa kwamiti, aka ce in kwamiti ya same shi da laifi, 'yan sanda za a miƙa wa shi, da ran mai awo a wuyansa.

Na je gidansu, na kora autata kicin, na zaunar da shi a gabana.

"Kai, ɗago ka dube ni. Me ka ajiye a bangon baya?"

"Ba komai, Baba."

"To uban me ya kai ka?"

"Haske na bi."

"Wane haske? Bango fitila ne?"

"Can ne ya fi haske, Baba. Na ɗauka ƙofa ce."

Na daɗe ina kallonsa. Maƙaryaci yakan ƙara gishiri, shi bai ƙara komai ba. Amma na san masu wayon da sukan yi shiru da gangan, don haka ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba.

Ranar zaman kwamiti na sa babbar rigata na bi su. Ɗakin taro ne a hawa na biyu, da dogon teburi da fanka mai kuka. Shugaban kwamiti, wani mai furfura a gefe ɗaya na kai, yana tsakiya. Lauyan kamfani ya sa aka ja labule, ya ce sun sa ƙwararru sun sake gina ma'ajiyar a cikin kwamfuta, da dilolinta da hayaƙinta, za mu ga abin da idon heluma ya gani.

Aka kunna majigi. Wallahi aikin ya yi kyau, har lambar da ke jikin diloli ana gani. Hayaƙi ya taso toka-toka, ɗaki ya yi duhu, sai ga ƙofa can gaba tana walƙiya, haskenta ya ratso hayaƙin ya miƙe sak kamar an shimfiɗa farin ƙyalle har gaban ƙafarka. Bangon baya kuwa baƙi ƙirin. Lauya ya ɗora sanda a kan ƙofar.

"Ranka ya daɗe, ko makaho ya ga wannan. To me ya sa heluma ya juya mata baya?"

Na miƙe na ce, "Ƙarya ce."

Shugaba ya leƙo ta saman tabarau. "Baba, kai ne wa?"

"Ni ne wanda wuta ta gwada sau uku ta haƙura. Wanda ya yi wannan hoton bai taɓa shiga hayaƙi ba, ko na murhun uwarsa."

Aka yi dariya, wasu suka ce a fitar da ni. Shugaba ya ce in zauna, ba a ba ni dama ba. Ya ɗage zama zuwa Alhamis ta sama, ya ce ranar za a yanke magana.

A kan matakala surukina ya jingina da bango, ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Baba, wataƙila ƙofar tana nan ni ne ban gani ba. Wataƙila kaina ne ya juye."

Nan na tsorata. Mutum ya yi musu da lauya abu ne mai sauƙi, amma in ya fara musu da idonsa, an gama da shi.

Autata ta karanta adireshin da ke ƙasan hoton. Washegari na tafi ni kaɗai. Ofishin yana saman wani shagon tayil, hawa uku, lif ya lalace, na hau ban tsaya hutawa ba ko sau ɗaya, a shekaruna. Na tura ƙofa ban yi sallama ba. Ɗaki ne mai sanyi kamar firji, da wasu baƙaƙen akwatuna uku a ƙarƙashin teburi suna gurnani. Ina tsammanin zan ga ƙaton mutum, sai na ga mace, za ta kai arba'in, da tabarau mai kauri da rigar sanyi, tana tsoma biskit a shayi.

"Ina injiniyan?"

"Ga ni, Baba. Sannu da hawa."

"Ke kika yi hoton gobarar auduga?"

"Ni ce."

"Me suka ba ki kika ɗaure mini suruki?"

Ta ajiye biskit ɗin. Na zuba wa fuskarta ido, domin mai cin hanci gefen bakinsa ne ke fara motsi. Nata bai motsa ba, amma ta yiwu ta saba.

"Wane suruki? An ce in nuna yadda ɗakin yake da inda diloli suke, don rahoto."

Na ba ta labari tun daga hita har zuwa sandar lauya. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake cirewa.

"Da sanda ya nuna ƙofar?"

"Da sanda. Har ya ce ko makaho."

Ta jawo mini kujera. "Zauna, Baba. Faɗa mini abin da ka gani ba daidai ba."

Na ce mata hayaƙi iri biyu ne, kuma duka na ɗanɗana. Na gareji baƙi ne, na taya da baƙin mai, shi cinye haske yake yi, ka kunna tocila ta mutu a tafin hannunka. Na takarda da auduga fari ne, balle in an watsa ruwa tururi ya haɗu da shi. Shi ba ya duhu. Haske ne ko'ina, sama da ƙasa, gaba da baya, kamar an tsoma ka cikin madara. Ba ka da inuwa. Babu wani ƙyalle da ake shimfiɗa maka. A ma'ajiyar takarda mutum biyar da suka bi idonsu suna can, ni kuwa rufe ido na yi, na kwanta, na bi iska mai sanyi da kumatuna har waje.

Ta tashi, ta ciko kofin gilashi da ruwa, ta ɗiga madara ɗigo ɗaya daga gwangwanin shayinta, ta kashe fitilar ɗaki, ta haska tocilar wayarta ta gefen kofin. Haske ya ratsa ruwan, siriri, miƙaƙƙe.

"Ka ga wannan?"

"Wannan ai hayaƙin sigari ne. Miƙo."

Na karɓi gwangwanin na tuttula. Siririn hasken ya ɓace, kofin gaba ɗaya ya ɗauki haske kamar ƙwan lantarki.

"To, injiniya, in ke ƙuda ce a tsakiyar kofin nan, ta ina tocila take?"

Ta yi dariya, amma ba ta jin daɗi ba. Ta ce abin da na faɗa shi ne a littattafansu, sai dai su da lissafi suke faɗa. Na ce ai da sun tambaye ni da sun huta. Sannan ta yi mini bayani, kuma na riƙe shi tsaf, don kaina ba ya zubar da abu.

Ta ce a wurin kwamfuta haske zare-zare ne. Kowane zare in ya shiga hayaƙi zai yi karo da ƙwayar hayaƙi. In baƙa ce ta haɗiye shi, shi ke nan. In fara ce sai ta karkatar da shi, ya tafi wani gefe, ya sake karo da wata, ita ma ta karkatar da shi, haka har sau ɗari, har ya manta daga inda ya fito. Kwamfuta sai ta bi kowane zare, karo bayan karo, zare miliyan nawa, kafin ta fitar da hoto ɗaya.

"To ta bi mana. Ba aikinta ke nan ba?"

"Kwana biyu aka ba ni, Baba. Sai na ce mata ta bi karo ɗaya ta tsaya. Duk zaren da ya yi karo na biyu ta jefar da shi. Haka ake yi in ana sauri."

"Ta jefar? To hasken da ta jefar ai shi ne hayaƙin!"

"Shi ne. Da ta jefar sai hoton ya fito baƙi, ba a ganin komai. Sai na yi ta ƙara masa haske har ƙofa ta fito, don a gane ɗakin."

"Ashe ke kika kunna ƙofar da hannunki."

Ba ta musa ba. Ta juya allon kwamfuta ta nuna mini zanen ma'ajiyar daga sama. Ta ce wuri biyu ne haske ke shiga: ƙofa, wadda rumfa ta yi wa inuwa, da wasu kwanuka biyu na roba masu shigo da rana a rufi, can baya, waɗanda tulin diloli ya kare, daga inda mutanen suke ba a hango su. A hoton farko hasken rufin bai iso ido ba, domin sai ya yi kwana da yawa kafin ya zagayo diloli, ita kuwa ta hana shi kwana.

"In kika bar shi ya yi kwanarsa fa?"

"Ban sani ba. Wataƙila baya ya fi haske, wataƙila ƙofa ta fi duk da haka. Sai an gwada." Ta dube ni sosai. "Amma da sharaɗi. Duk abin da ya fito zan kai wa kwamiti, ko da ya nutsar da surukinka. Ba zan gyara ƙarya da ƙarya ba."

Zuciyata ta ce tarko ne: ta sake fitar da ƙofa tana walƙiya, a ce ga shi har da yardar tsohon. Amma wata zuciyar ta ce in mutumin nan da gaske hita ya je ɓoyewa, gara in sani, ba zan bar 'yata a hannun wanda ya kashe mai awo saboda shayi ba.

"Na yarda. Amma a gabana za a yi."

Da na koma gida na faɗa wa autata, sai da ta ajiye ludayi. "Baba, ka ɗauki wuyan mijina ka miƙa wa na'urar da ta riga ta sare shi sau ɗaya? Wa ka shawarta?"

"Da na aurar da ke gare shi ma ban shawarci kaina ba, ga shi muna ciki."

Kwana biyu ba ta gaishe ni da kyau ba.

Injiniya ta sa aka kira mutum huɗu cikin waɗanda suka tsira, ɗaya bayan ɗaya, ba ta bari sun haɗu ba. Ba ta tambaye su ina haske yake ba. Ta tambaye su launin hayaƙin, da taku nawa mutum zai yi kafin ya ɓace maka. Duka suka ce fari, duka suka ce taku uku ko huɗu. Ta duba rahoton 'yan kwana-kwana, ta duba inda rana take a wannan sa'a. Ta ce hoto mai motsi zai ci wata guda, don haka hotuna huɗu tsayayyu za ta yi daga inda heluma ya tsaya: gabansa, bayansa, damansa, hagunsa. Ta danna wani abu, akwatunan nan uku suka ɗaga murya.

Na duba allo, sai na ga tsaki-tsaki, fari da baƙi, kamar talabijin da eriyarta ta faɗi.

"Kin ɓata shi da gangan."

"Haka yake farawa. Kowane ɗigo zare ɗaya ne da ya dawo. In suka taru zai washe."

"Yaushe?"

"Laraba, in wuta ba ta yanke ba, in kuma ba wanda ya taɓa wancan." Ta nuna soket a bango.

Daga ranar na zama mai gadin soket. Ƙarfe bakwai na safe ina bakin ƙofa kafin ta zo, in ta tashi da yamma ni nake tabbatar da ta kulle, in girgiza kwaɗon sau biyu, in maƙala tsinken ashana a jikin ƙofa don in gane ko an buɗe a bayana. Ta ce akwai batir da zai riƙe in wuta ta ɗauke, na ce batir ba ya hana hannun mutum. Ranar Asabar kuwa mai shara ta shigo da injin goge ƙasa, ta nufi soket ɗin kai tsaye. Na tare ta da sanda.

"Wa ya aiko ki?"

"Tsoho, shekara shida nan nake sa injina."

"Yau kin yi ritaya daga wannan bangon."

"Ji mini mutum! Gidanku ne?"

Injiniya ta yi dariya har da hawaye, ta jona mata a baranda. Ni ban yi dariya ba. Na rubuta fuskar matar a kaina.

Ranar Litinin wayar injiniya ta yi ƙara, ta duba, ta fita baranda ta ja ƙofa. Na cire takalmi na bi ta na kafa kunne. Da alama lauyan kamfani ne. Na ji tana cewa, "A'a, ranka ya daɗe, ba ku ce mini shaida za ku yi da shi ba." Shiru. "Sunana ne a ƙasan hoton, ba naka ba." Shiru mai tsawo. "To ku ba wa wani aikin." Da ta dawo ta same ni a kujera ina gyangyaɗin ƙarya.

"Baba, takalminka yana bakin ƙofa."

"Ƙafata ce ta yi zafi."

Maganar da na ji ta yi mini daɗi, amma na san ana shirya irin wannan don kunnen da aka san yana bayan ƙofa. Ban saki jiki ba.

Kullum tsakin nan yana raguwa kaɗan-kaɗan, kamar ruwan kwata yana kwanciya. Ran Laraba da hantsi hotuna huɗu suka fito. Duka fari ne fat, babu ƙofa, babu bango, sai gefen dila ɗaya ko biyu a kusa. Madarar da na faɗa, ita ce. Har na ji warin takarda mai ci a hancina bayan shekara talatin. Amma ɗaya cikin huɗun ya fi sauran haske, a fili, ba sai an nuna maka ba.

"Wannan wane gefe ne?"

"Ba zan faɗa maka ba."

"Ni? Ni da na yi gadin soket kwana shida?"

"Saboda haka ma. In ka sani, lauya zai ce mun haɗa baki. Na cakuɗa su, na sa musu lamba, amsar tana cikin wannan." Ta ɗaga wata ambulan da ta liƙe ta sa hannu a bakinta.

Na roƙe ta, na yi mata barazana, na ce ina da hawan jini, alhali jinina ya fi na saurayi. Ta ce in sha shayi. Na sauko daga benen nan ina cewa an yi da ni. In mai hasken nan ƙofa ce, to da hannuna na ɗaure mijin 'yata, kuma gobe a gaban jama'a za a kwance ambulan.

Ranar Alhamis ɗakin ya fi cika. 'Yan'uwan mai awo suna layin gaba, ɗan sanda ɗaya yana tsaye a bakin ƙofa, wanda ba a kawo ba a zaman farko. Autata ta zauna nesa da ni. Injiniya ta nemi izini, ta tsaya ta ce hoton farko aikinta ne, kuma bai isa shaida a kan abin da ido zai gani ba, ta faɗi dalili a taƙaice, da karo ɗaya da karo ɗari. Lauya ya yi tsalle ya ce ba kamfani ne ya sa ta wannan sabon aikin ba. Shugaba ya ce shi ma ba kamfani ne ya haife shi ba, a kunna.

Hotuna huɗu suka bayyana a jere, da lamba a ƙarƙashin kowanne. Aka fara gunaguni, wani ya ce majigin ya lalace.

"Malama, ina ɗakin?" in ji shugaba.

"Shi ke nan, ranka ya daɗe. Gefe huɗu ne daga inda heluma ya tsaya."

Ban jira an ba ni dama ba. Na miƙe, na ɗauki sandar lauya daga kan teburi, na miƙa wa shugaba.

"Ranka ya daɗe, kai ne heluma. Mutum takwas suna bayanka suna tari, numfashi uku ya rage maka. Nuna mana ƙofa."

"Baba, wannan ba wasa ba ne."

"Shi ma ba wasa ya je yi ba. Numfashi ɗaya. Biyu."

Ya ɗora sanda a kan lamba uku, mai hasken nan. Ya juya ya tambayi sauran 'yan kwamiti, duka suka ce uku. Ya dubi lauya. Lauya ya ce shi ba shaida ba ne. Shugaba ya ce ya sani, amma yana da ido. Lauya ya daɗe yana gyara takardunsa, sannan ya ce, "Uku."

Injiniya ta miƙa ambulan. Na zuba wa ambulan ɗin ido. Shugaba ya yage bakin, ya gyara tabarau, ya karanta a ransa, ya sake karantawa, kamar da gangan yake ja mini rai.

"Lamba ɗaya, ƙofa. Lamba uku, bangon baya."

Wata mata a layin gaba ta fashe da kuka. Ɗaya daga cikin masu lodin ya miƙe yana cewa, "Wallahi haka yake! Haka muka gani!" Shugaba ya bubbuga teburi, ya sa injiniya ta nuna kwanukan roba na rufi a zane, da yadda ranar tsaka ta zubo ta cikinsu ta bazu a hayaƙi. Ya tambayi lauya ko akwai wanda ya taɓa ganin hitar nan da idonsa. Babu. 'Yan kwamiti suka shiga ciki su biyar, ba su yi rabin sa'a ba suka fito. Shugaba ya ce kwamiti bai sami heluma da laifi ba, babu maganar 'yan sanda, a mayar da shi bakin aikinsa, a kuma binciki wayoyin lantarkin ma'ajiyar don a san abin da ya ta da wutar. Ɗan sandan ya sa hularsa ya fita.

Na waiwaya in ga injiniya, tana naɗe wayoyinta. Na je na tsaya a kanta.

"Da kin faɗa mini jiya da me zai ragu a jikinki?"

"Da ka faɗa wa duk unguwa kafin la'asar, Baba."

Ƙarya take yi, rabin unguwa ne kawai.

Autata ta zo ta riƙe hannuna. Surukina kuwa yana nan a kujerarsa, ɗaki ya watse bai tashi ba, yana kallon farin bangon da aka haska hotunan. Na taɓa shi da ƙafa.

"Tashi mana. Ko sai an kawo maka kujerar a gida?"

"Baba, ashe idona bai yi ƙarya ba."

"Ni na faɗa tun farko."

"Amma ni na ce su biyo ni. Mai awo yana kusa da ƙofa, ya juyo saboda muryata."

Ni ba a rasa amsa a bakina, kowa ya sani. Wannan karon kujera na jawo, na zauna kusa da shi. Can ya ce tun ranar bai iya taka gidan mamacin ba, yana so ya je yanzu, ko za su kore shi, in zan raka shi.

Na ce wa autata ta wuce gida. Muka sauka, muka tsallaka titi, muka tsaya jiran mota mai zuwa unguwar su mai awo.